Hoto Ma Wasiƙa Ne

Filin koyon aiki na wannan wata ya tsaya bisa kyamara ta zamani, wato na'urar ɗaukar hoto wadda ba a sa mata fim, sai batir da memori. Irinta ce ke cikin wayar salula. Yau da wuya mutum ya shiga gari cikin komin ta Dantchiao, ko sauran garuruwan gundumar Magarya da ta Dungas, bai tarar da masu ɗaukar hoto ba. Ana ɗauka wurin suna, ana ɗauka wurin ɗaurin aure, ana ɗauka a kasuwa da gona. Amma ɗauka daban, ɗaukar da za a gane daban. Ga labarin wani saurayi, da abin da wani tsohon mai hoto ya koya mishi. Malaman cibiyoyin yaƙi da jahilci su karanta ma ɗalibansu, a tattauna.

ABIN DA YA SAMU SAKATARE

Saurayin nan ya yi shekara 2 yana zuwa cibiyar yaƙi da jahilci. Da ya iya rubutu da lissafi, sai ƙungiyar manoman garinsu ta ba shi aikin sakatare. Wansa, wanda ke zuwa ci-rani Kano, ya kawo mishi tsarabar wata ƙaramar kyamara ta gwanjo. Ya yi murna ƙwarai. Ya ɗauki abokansa, ya ɗauki jakin gidansu, har yara suka fara kiransa mai hoto.

Cikin watan Agusta, hatsi ya fid da kai, sai manoma suka fara ganin wani farin gari yana zuba daga zangarniya bisa ganye. Shugaban ƙungiya ya ce ma sakatare ya ɗauki hoto a aika ma malamin gona. Sakatare ya tafi gona da rana tsaka. Ya tsaya daga bakin iyaka, ya ɗaga kyamara da hannu guda, ya yi ta dannawa. Ya kai memori wurin mai cajin waya, aka zuba hotunan cikin waya, aka tura.

Amsar malamin gona ta zo kamar haka: "Na ga kore, na ga sararin sama, na ga malfar wani mutum. Ciwon ne ban gani ba. A sake."

Kafin amsa ta zo, kafin a sake shiri, kwana 5 sun wuce. Kwana 5 kuwa ba abin wasa ba ne in tsutsar zangarniya ce ta shiga gona. Uwarta wani ƙwaro ne mai fiffike da ke fitowa da dare. Yana sa ƙwai bisa kan hatsi daidai lokacin da kan ke fitowa. In ƙwai ya ƙyanƙyashe, sai tsutsa ta shige zangarniya tana yanke ƙwaya daga tushe, tana zagayawa kamar an naɗa igiya. Cikin kamar wata guda ta gama ci, ta sauka ta shige ƙasa, sai wata damana. Masu binciken aikin gona na INRAN a Maraɗi sun yi shekaru suna aiki da wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai kashe ta, wanda ake kai ma garuruwa cikin ƙananan buhuna. Amma sai tsutsa tana cikin zangarniya yake da amfani.

Ke nan hoto ya zama hanyar neman magani. A 2017 RECA, wato haɗin gwiwar zaurukan manoma na ƙasa, ta buɗe wata cibiya a Yamai domin manomi ya kira ko ya aika murya da hoto ta WhatsApp, cikin harshensa, a ba shi shawara. Amma kowane malami, na kusa ko na nesa, abin da ya gani shi zai yi ma magani.

WURIN TSOHON MAI HOTO

Ran kasuwar Magarya sakatare ya tafi rumfar wani tsoho, wanda ya yi sana'ar hoto tun zamanin da ake wanke fim cikin ɗaki mai duhu. Bayan gaisuwa ya ce: "Baba, kyamarar nan ta mutu. Ko ka san mai saye?"

Tsoho ya karɓa, ya duba idonta, wato ɗan gilashin nan na gaba. Ya hura shi, ya goge da wani tattausan ƙyalle. Ya ce: "Ɗana, miƙo tafin hannunka." Ya juya ma ƙofa baya, ya riƙe kyamara da hannu biyu, ya danna a hankali. Da sakatare ya duba allon kyamara, sai ga zanen tafin hannunsa ɗaya bayan ɗaya, har da kantar hauya.

Tsoho ya ce: "Ran da ka fara rubutu a cibiya, in malam ya kasa karanta baƙinka, alli kake zargi?"

Sakatare ya ce: "A'a, Baba. Hannuna ne bai zauna ba."

Tsoho ya ce: "To, hoto ma wasiƙa ne. Wanda ka aika ma ba ya nan lokacin da ka ɗauka. Bai ga gonar ba, bai san garin ba. Abin da ke cikin hoton shi kaɗai zai karanta. Zauna in gwada maka."

Ga abin da ya gwada mishi, daki-daki.

NA ƊAYA: ME AKE SO A FAƊA?

Mai rubuta wasiƙa ba ya ɗaukar alƙalami sai ya san wanda zai rubuta ma da abin da zai faɗa. Haka mai hoto. Kafin ya danna, ya tambayi kansa: me nake so a gani, wa kuma zai gani? In tsutsa ce, to, tsutsa ta cika hoton. In rago ne, rago. In amarya ce, fuskarta. Hoto guda, magana guda. Kuskuren sabon hannu shi ne ya so komai ya shiga, gona da itace da mutane da sama, daga ƙarshe ba a gane ko ɗaya ba.

NA BIYU: HASKE

Kalmar hoto baƙuwa ce, daga Turai ta zo. Asalinta cikin harshen Girkawa tana nufin rubutu da haske. Wajen 1826 wani mutumin Faransa mai suna Niépce ya ɗauki hoto mafi daɗewa da ake da shi har yau, kuma sai da ya bar akwatinsa a buɗe awa 8 ko fiye kafin haske ya gama rubutawa. A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak a Amurka, Steven Sasson, ya harhaɗa kyamara ta farko marar fim. Nauyinta ya kai kilo 3 da rabi, hotonta fari da baƙi ne mai ɗigo 10,000, kuma sai ta yi sakan 23 kafin ta ajiye shi cikin kaset. Wayar da ke aljihun manomi yau tana yin hoto mai ɗigo miliyoyi cikin ƙiftawar ido. Na'ura ta sake, amma har gobe haske ne tawadarta.

Haske mafi kyau shi ne na hantsi da na bayan la'asar. Lokacin nan rana tana gefe, tana shiga ƙarƙashin malfa da rawani, tana fid da kamannin abu. Rana tsaka ita ce mafi muni. A ƙasar Magarya, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana tana tsayawa daidai bisa kai da tsakar rana, har inuwar mutum ta koma ƙarƙashin ƙafarsa. In an ɗauki mutum lokacin nan, idanunsa su zama ramu biyu baƙaƙe, goshi da hanci su yi ta ƙyalli. Daidai wannan lokaci ne sakatare ya shiga gona.

Rana ta kasance bayan mai ɗauka, ko gefensa. In tana bayan wanda ake ɗauka, sai ya fito baƙi ƙirin kamar inuwa. Haka yake ga wanda ya zauna cikin zaure, ƙofa na bayansa. A juya shi ya fuskanci ƙofa, mai ɗauka ya tsaya gefen ƙofar, kada ya tare hasken.

In dole ne a ɗauka da rana tsaka, a shiga cikakkiyar inuwa, kamar ta bango ko ta rumfa. A guji inuwar itace mai huda-huda, domin tana sa fuska ta yi dabbare-dabbare. Ranar da hadari ya rufe rana kuwa, ko'ina ya yi.

Akwai wani abu da ke ruɗa kyamara, shi ne farar riga. Kyamara tana auna hasken da ke gabanta duka, ta raba daidai. In ta ga babbar riga fara fes ranar Salla, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, fuskar mai rigar ta nutse. Maganinsa yana ga maɓalli mai alamar tarawa da ɗebewa, irin na lissafi. A matsa wajen tarawa taki guda, fuska za ta fito. A waya kuwa, a taɓa fuskar mutum bisa allo da yatsa. A yawancin wayoyi wata alamar rana za ta bayyana, sai a ja ta har fuska ta washe.

Fitilar kyamara, wadda ake ce ma filash, ba ta wuce kamar mita 3, wato taki 4 ko 5. Wanda ya tsaya ƙarshen fili da dare yana haska makaɗa, ƙeyar na gabansa kawai zai samu.

NA UKU: RIƘO DA DANNAWA

In an danna, idon kyamara yana buɗewa ya rufe. Cikin rana buɗewar gajeruwa ce ƙwarai, kamar kashi ɗaya cikin 500 na sakan. Cikin ɗaki ko da magariba sai ya daɗe a buɗe domin ya tara haske, wani lokaci kashi ɗaya cikin 10. Duk motsin da hannu ya yi cikin wannan lokaci zai shiga hoton, ya yi dishi-dishi kamar rubutun da aka shafa tun bai bushe ba.

Saboda haka a riƙe da hannu biyu. A manna gwiwar hannu ga haƙarƙari. A buɗe ƙafafu kaɗan. A ja numfashi a tsaya, sannan a danna. In haske ya yi kaɗan, a jingina da bango, ko a ɗora kyamara bisa turmi ko amalanke.

Maɓallin kyamara hawa biyu gare shi, kuma sababbin hannu da yawa ba su sani ba. A danna rabi tukuna, a dakata. Kyamara za ta nemo abin da ke gabanta, ta yi ɗan ƙara, wani ɗan akwati bisa allo ya koma kore. Sannan a ƙarasa dannawa a hankali. Wanda ya buga maɓalli gaba ɗaya kamar mai kashe sauro bai ba ta lokacin dubawa ba. A waya, taɓa abin bisa allo shi ne danna rabi. Sannu ba ta hana zuwa.

Bayan an ɗauka, kada a tafi. A buɗe hoton, a faɗaɗa shi, a duba. Ƙaramin allo yana ɓoye aibi. In bai fito ba a sake nan take, tun da ba fim ake ƙonawa ba. Tsoho ya ce a zamaninsa kowane danni kuɗi ne, kuma sai bayan an wanke yake sanin ko ya yi ɓarna.

NA HUƊU: A MATSO

Kyamarori da wayoyi suna da abin jawo nesa kusa, wanda ake ce ma zum. Iri biyu ne. Akwai wanda gilashi ne ke tafiya gaba da baya, wannan ba ya ɓata hoto. Akwai wanda kumbura hoto kawai yake yi, kamar a ja ƙaramar riga a ce ta zama babba. Shi ne a yawancin ƙananan wayoyi, kuma hotonsa yana farfashewa. Zum ɗin da ya fi kowane shi ne ƙafa. A taka a matso.

Ga ƙananan abubuwa kamar tsutsa, ƙwan ƙwari, ko tabon ganye, a nemi alamar fure bisa kyamara. In an kunna ta, kyamara tana iya ganin abu daga tazarar tafin hannu ko ƙasa da haka. In an matso har hoto ya dushe, a ja baya kaɗan. In iska tana kaɗa zangarniya, wani ya riƙe karan, ko a yanke ta a shimfiɗa bisa buhu cikin inuwa.

Kuma a sauka daidai tsayin abin da ake ɗauka. Yaro, a durƙusa. Rago, a tsuguna a ɗauke shi daga gefe, jikinsa duka da ƙafafunsa huɗu a ciki. Masu kiwo da yawa suna aika hoton dabba ga dillali tun kafin kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. In an ɗauki rago daga sama, kusa da kai, sai kai ya yi ƙato, jiki ya tsuke, mai saye ya raina shi. Amma kada a yi dabarar da za ta ƙara ma dabba girman da ba ta da shi. Ran da mai saye ya gan ta ido da ido, an rasa ciniki, an rasa amana.

NA BIYAR: ABIN DA KE BAYA

Ido yana kallon mutum ya manta da abin da ke bayansa. Kyamara ba ta mantawa. Shi ya sa ake ganin hoton ango da turken wuta ya tsiro bisa hularsa, ko hoton jariri da kwanukan wanke-wanke a gefe. Kafin a danna a duba kusurwa huɗu na allo. In akwai tarkace, a kawar, ko a gusa taki biyu.

Seydou Keïta na Bamako, a ƙasar Mali, ɗan kafinta ne, kuma kafinta ya fara koya. A 1935 kawunsa ya kawo mishi ƙaramar kyamara. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto. Yawancin aikinsa a tsakar gida ya yi shi, da hasken rana, ya rataya zane ko bargo a bayan mutum. Ya rasu a 2001, kuma hotunansa sun shiga manyan gidajen ajiye kayan tarihi na Turai da Amurka. Zane da bango da inuwa akwai su a kowane gida na Dantchiao.

In hoton takarda ne, kamar na katin ƙungiya ko na ɗan lakkwal, a sa farin ƙyalle marar zane a baya. Mutum ya dubi kyamara sosai, kyamara tana daidai idonsa, mai ɗauka yana nesa da taki 2 ko 3. In hoton fili ne, a lura kada ƙasa ta karkace kamar za ta zube.

NA SHIDA: HOTO UKU NA GONA

Wanda zai kai ƙarar ciwon shuka ya ɗauki hoto 3.

1. Gona daga nesa, domin a ga yawan wurin da ciwo ya kama.

2. Shuka guda, daga tushe har kai.

3. Wurin ciwon daga kusa, tare da ƙwaron in an same shi. In ganye ne, a ɗauki samansa da ƙarƙashinsa, domin ƙwari da yawa a ƙarƙashi suke ɓuya.

A hoto na uku a ajiye wani abu da kowa ya san girmansa, kamar ƙwandalar dala 20 ko tsinken ashana. In ba haka ba, malami ba zai san ko tsutsar ta kai ƙwayar shinkafa ko ta kai yatsa ba.

A nan ne karatu ke biyan mai shi. A ɗauki allo da alli, a rubuta sunan gari, da kwanan wata, da irin shuka, a riƙe shi cikin hoto na ɗaya. Hoto yana yawo daga waya zuwa waya, bayanin baki yana ɓacewa a hanya, amma abin da aka rubuta bisa allo yana tafiya tare da shi. Haka za a yi in ruwa ya rushe ɗaki, ko rijiya ta rufta, ko wata cuta ta kama dabbobi.

NA BAKWAI: KULA DA KYAMARA

Maƙiyan kyamara a ƙasar nan su ne ƙura da zafi da ruwa. Lokacin hunturu a sa ta cikin leda ko gwangwani mai murfi, a fid da ita sai za a yi aiki. Kada a goge ido da bakin riga kai tsaye. Rairayi yana karce gilashi, karcen kuwa ba ya gyaruwa. A hura tukuna, sannan a goge da ƙyalle mai laushi. Wayar da ke kwana aljihu ɗaya da goro da kuɗi, idonta yana yin maiƙo, hoto ya fito kamar an ɗauka cikin hazo. A goge kafin kowane aiki.

Kada a bar kyamara cikin rana ko bisa kwanon ɗaki, zafi yana kashe batir. In za a daɗe ba a yi aiki da ita ba, a cire batir. In an mayar, a duba kwanan wata da ke ciki a gyara, domin kyamara tana liƙa ma kowane hoto ranar da aka ɗauke shi.

NA TAKWAS: AIKAWA DA AJIYA

WhatsApp yana matse hoto domin ya yi saurin tafiya, kuma cikin matsewar ƙananan abubuwa suna ɓacewa. In hoton ƙwaro ne, a zaɓi alamar HD, wadda aka ƙara a 2023, ko a aika shi ta wurin da aka rubuta Document. Ya fi cin kuɗi kaɗan, amma ya fi a sake. A zaɓi 3 masu kyau a aika, kada a tura 30.

Memori yana lalacewa, waya tana ɓacewa ko ta faɗa ruwa. Hoton da ke wuri guda kamar hatsin da ke rumbu guda ne. A zuba masu muhimmanci cikin wayar wani ɗan'uwa, a kai waɗanda suka fi daraja a buga su bisa takarda. A farkon Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun ƙarni na 19. Wanda bai taɓa ganinsa yadda yake a da ba, sai dai a nuna mishi hoto. Kowane gari yana da tsofaffinsa, da tsohuwar rijiyarsa, da kukar da kakanni suka zauna ƙarƙashinta. A ɗauka tun suna nan, a rubuta sunaye a bayan takarda.

NA TARA: IZINI

Ba a shiga gidan mutum sai da sallama, haka ba a ɗaukar hotonsa sai da yardarsa. Matan aure, sai sun yarda kuma gida ya yarda. Yara, sai an tambayi iyaye. Marar lafiya, da wanda ya yi hatsari, da gawa, ba abin yaɗawa ba ne. Yardar ɗauka kuma ba ita ce yardar turawa ba. Hoton da ya fita daga waya ba ya komowa, kuma an ga auren da ya mutu saboda haka. Dokar ƙasa ta 2019 bisa laifuffukan intanet, wadda aka ƙara ma tsanani a 2024, ta tanadi tara da ɗauri ga mai ɓata sunan mutum ta waya. Garuruwan nan kuma suna bakin iyaka da Najeriya. Kada a ɗaga kyamara wajen sojoji, ko shingen jami'an tsaro, ko ofishin kan iyaka.

YADDA TA ƘARE

Sakatare ya yi godiya, ya ciro kuɗi. Tsoho ya ce: "Mayar da kuɗinka, ɗana. Ka dai koya ma wani."

Washegari da hantsi ya koma gona tare da ƙanensa. Ya rubuta sunan gari da kwanan wata bisa allo, ƙanen ya riƙe. Ya ɗauki gona, ya ɗauki kara guda. Ya yanke zangarniya, ya shimfiɗa bisa buhu a inuwar amalanke, ya buɗe hanyar da aka ci, ya ajiye ƙwandala kusa da tsutsa, ya kunna alamar fure, ya danna rabi, ya ƙarasa. Kafin azahar malamin gona ya amsa. Ya ce tsutsar zangarniya ce, ya faɗi abin da za a yi, ya kuma sanar da garuruwan maƙwabta su duba nasu.

Gonakin da suka riga fid da kai sun yi hasara, domin kwanakin da aka ɓata ba su komo ba. Waɗanda suka yi shuka daga baya sun samu sauƙi. Shugaban ƙungiya ya sa an rubuta cikin littafin taro cewa daga yanzu duk ƙarar da za a kai, da hoto 3 da allo za a kai ta.

AIKIN WANNAN WATA

Kowace cibiya ta nemi kyamara ko waya guda. A zaɓi abu guda, kamar tulu ko akuya. A ɗauke shi da hantsi, da rana tsaka, da bayan la'asar. A sake ɗaukarsa rana tana baya, sannan rana tana gaba. A jera hotunan, ɗalibai su faɗi wanda ya fi da dalili, kowa ya rubuta dalilin cikin littafinsa da layi 2. Mata su riƙe kyamara su ma, domin su ne suka fi kusa da awaki da lambu da yara. Cibiyar da ta samu hoto mai kyau ta aiko ma jarida ta hannun malaminta, tare da sunan gari da kwanan wata.

Allah ya kiyaye amfanin gona, ya ba da damana mai albarka. Sai wata mai zuwa.